Kogi Ma Yana da Malamansa

Ku sani ya malamai da fatake, akwai wata irin fatsa a ƙasar Turawa wadda ba a sa mata tana. Masunci ya kan ɗauki ƙugiya ƙarama, wata ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ya naɗa mata siliki da gashin wuyan zakara har ta yi kama da ƙwaron ruwa mai fiffike, sa'an nan ya wurga ta bisa kogi da doguwar sanda mai lanƙwasa. Kifin da a ke nema da ita, wanda su ke kira turawut, ya kan tsaya ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa yana jiran rabonsa. In ƙwaron ƙarya ya zo yana tafiya daidai da tafiyar ruwa, sai ya taso ya haɗiye. In kuwa zare ya ɗan ja shi ya karkace, kifi ya gane makirci ke nan, ya nutse, ba a ƙara ganinsa ran nan.

Inda wannan sana'a ta fi suna shi ne kudancin Ingila, a kogin Test da kogin Itchen, waɗanda ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen alli, garau, mai sanyi rani da damina. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni wani babban ƙwaro ya kan fito daga ruwa tuli, kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, kifi ya haukace da ci, har Ingilishi su ke yi wa kwanakin nan laƙabi da mako biyun marasa gwaninta, domin ko wanda bai iya kome ba ya kan kama. Amma in Yuli da Agusta suka shigo, watau tsakiyar zafinsu, ruwa ya ja baya, kifi ya ƙoshi ya yi wayo, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kore shi. A nan ne baƙo mai kuɗi ke neman jagora, a nan ne kuma a ke bambanta jagoran da ya zauna gaban manya da wanda ya sayi kayan aiki jiya.

Ga misali. Akwai wata jam'iyyar masu fatsa a garin Stockbridge a bakin Test, an kafa ta a 1822. Daga 1887 har zuwa 1992 gida ɗaya ne ya riƙa tsaron ruwanta, gidan Lunn: William, sa'an nan ɗansa Alf, sa'an nan jikansa Mick. Shekara 105 ke nan, mutum uku. Kakan shi ne ya lura da yadda ƙwarin ruwa ke zuba ƙwai, ya riƙa ɗaure alluna bisa ruwa domin su zuba a ƙarƙashinsu, kana ya kai allunan inda ƙwari suka yi ƙaranci. Irin wannan sani ba ya samuwa a shekara guda. Sai yaro ya bi babba da lauje suna yanke ciyawar ruwa, ya ga wadda a ke bari domin kifi ya ɓuya da wadda a ke cirewa domin ruwa ya wuce, ya ga kogin a shekarar cika da shekarar fari, a yi masa tsawa, ya yi shiru, ya sake gwadawa.

Fatake ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Zamanin da a ke zuwa Gwanja sayen goro ba a ba wanda bai taɓa bin ayari ba jagabanci, kome hankalinsa. Sai ya ja jaki ya san mashigin kowane rafi tukuna. Malamai kuwa sun san ƙissar Annabi Musa, alaihissalam, da bawan Allah da ya yi tafiya domin ya koya daga gare shi. Kifi ne alamar mahaɗarsu, haƙuri kuma shi ne sharaɗin farko.

Wani zai ce, ai Turawa mutanen littafi ne, me ya hana a karanta a huta? Amsa tana cikin littattafan nasu. Frederic Halford, wanda su ke ɗauka shaihin fatsar ƙwaro mai yawo bisa ruwa, ya fitar da littafinsa na farko a 1886, amma tun 1879 ya ke tare da wani gwani, George Marryat, suna bin kogi, suna kama ƙwari suna dubawa. Halford ya nemi a sa sunan Marryat tare da nasa bisa littafin, shi kuwa ya ƙi. Ashe ko tawadar da ke cikin littafi daga bakin malami ta fito. Abin yabo ne ga almajirin da bai ɓoye malaminsa ba, abin mamaki ne kuma ga malamin da bai so a ambace shi. Irinsu sun yi ƙaranci a kowace ƙasa.

Sai dai bin malami yana da nasa ciwo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mabiyan Halford sun mai da koyarwarsa tamkar farilla: ba a jefa ƙwaro sai mai yawo a sama, wanda ya nutsar da nasa ya yi abin kunya. Wani lauya, Skues, wanda ya ke fatsa a Itchen tun 1883, ya lura sau da yawa kifi yana cin tsutsar ƙwaron ne a ƙarƙashin ruwa tun ba ta yi fiffike ba, ya rubuta haka a 1910. Suka yi masa ca. A 1938 aka yi muƙabala a kan maganar a London, mafi yawan masu magana suka ƙi bayansa, a shekarar kuma ya bar ruwan da ya yi fiye da shekara 50 yana bi. Alhali gaskiya tana wurinsa, yau babu mai musun haka. Waɗannan mabiya sun gaji hukuncin shaihinsu, ba su gaji idonsa ba, domin shi da duban ruwa ya kai inda ya kai. Malamin da ya koya wa yaro amsa bai koya masa dubawa ba, rabin aiki ya yi.

Tsohon kuwa bai rama a kan na baya ba. Yana kusa da shekara 90 ya sami labarin wani mai tsaron kogin Avon, Frank Sawyer, talaka ne ba lauya ba, ya riƙa rubuta masa takardu yana ƙarfafa shi ya rubuta abin da ya gani. Sawyer ne ya ƙago tsutsar ƙarya wadda ba a sa mata kome sai gashin wutsiyar wani tsuntsu dangin fakara da siririyar wayar jan ƙarfe, har yau kuwa ana kama kifi da ita ko'ina a duniya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta yau shi ne jagorancin ya koma kasuwa, musamman a Amurka, inda akwai makarantun da ke koyar da shi cikin mako guda. Ba laifi ba ne. A mako a kan iya koyon ƙulli da tuƙin kwalekwale. Amma a jihar Montana doka ba ta yarda sabon jagora ya ci gashin kansa ba, sai ya yi aiki ƙarƙashin mai gida da ke da lasin. Hikimar tana bayyana da zafi. Su kan saki kifin da suka kama, shi kuwa turawut in ruwa ya ɗumama ya kan mutu bayan an sake shi. Saboda haka in zafin ruwa ya kai wajen awo 23 kwana uku a jere, hukuma ta kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Doka ta yanke sa'a, amma ba ta tsaye a bakin kogi da hantsi, sa'ad da ruwa ya riga ya ɗumama, baƙo ya biya kuɗin yini cikakke, yana cewa a ƙara jefa ɗaya. Yaron da ya taɓa ganin mai gidansa ya naɗe zare a irin wannan lokaci, ya ba baƙo haƙuri, ya yarda ya rasa tukuici, shi ma zai iya naɗewa. Wanda bai taɓa gani ba sai ya dubi agogo, ya ga da sauran sa'a uku, ya ce wa baƙo ya jefa.