Zauren Iyali: Tsibiri Biyu Sun Ishi Mako Guda



A ƙasarmu ba a san tafiya ba sai da dalili. Mutum yakan tashi don fatauci, ko aikin Hajji, ko gaisuwar rasuwa, ko neman magani. Idan magidanci ya ce zai ɗauki iyalinsa su tafi su ga teku su komo, abin da zai fara ji daga ƴan'uwa shi ne: "Lafiya dai ko?" Shi ya sa na ji daɗin wasiƙar da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Maraɗi. Ta ce shekararsu goma sha biyar da aure, kuma tun ranar da aka kai ta ɗakinta ba su taɓa yin kwana biyu su kaɗai ba, ba yara ba baƙi. Yanzu sun tara ɗan abin da Allah ya hore, suna so su yi mako guda a tsofaffin garuruwan gaɓar tekun Senegal, amma tana tsoron kada kuɗin su tafi a banza su dawo da gajiya da ɓacin rai.

Ƴar'uwa, tsoronki yana kan hanya, domin ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Lokacin da na kai uwargidana Senegal, na zauna da taswira na jera garuruwa biyar cikin kwana bakwai, ban shawarce ta ba, ina ganin na yi gwaninta. A rana ta uku, muna cikin motar haya rana ta take, ta dube ni ta ce: "Malam, hutu muka zo ko tsere?" A nan na soke sauran jerin. Shawarata ta fari ke nan, kuma duk sauran a kanta suka rataya: ku zaɓi wuri biyu kawai, ku zaɓe su tare, ku zauna a kowanne har ku saba da titunansa. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle biyar. Wuraren da zan ba ku su ne tsibirin Gore da birnin San Luwi, waɗanda ake rubutawa Gorée da Saint-Louis da faransanci.

Gore yana gaban Dakar, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwan da ke tashi daga tashar jiragen birnin sau da yawa a yini. Tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuwa kimanin mita 300, kuma mota ba ta yawo a cikinsa. Turawan Fotugal sun iso shi a 1444, ƴan Holan suka raɗa masa sunan da yake ɗauke da shi, Faransawa suka karɓe shi a 1677. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Yawancin baƙi sukan zo da hantsi su koma da la'asar, su ce sun ga Gore. Ku kada ku yi haka. Ku kama ɗaki a ɗaya daga cikin ƙananan masaukan tsibirin ku kwana biyu, domin sai masu yini sun watse ake jin garin: ƙarar igiyar ruwa, kiran salla, da hirar mutanen gari a ƙofar gidajensu masu jan fenti da ruwan ɗorawa.

Wurin da kowa yake nufa shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, aka mai da shi gidan tarihi a 1962. A ƙasansa akwai ƴan ɗakuna masu duhu, da wata ƙofa da ke buɗewa kai tsaye a kan teku. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan mutanen da suka bi ta wannan gida, kuma da yawansu sun nuna cewa tashoshi irin su Wida, a ƙasar Benin ta yau, sun fi Gore fitar da bayi nesa ba kusa ba. Wannan bai rage nauyin abin da zuciya take ji ba a gaban ƙofar. Ku je da safe, kuma kada ku ɗora wata ziyara a bayanta. Za ku so ku sami inuwa ku zauna shiru. Ranar Litinin akan rufe gidan, sai ku kiyaye wajen lissafin kwanakinku.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan tsibiri. Makarantar horar da malamai ta William Ponty tana Gore ne daga 1913 zuwa 1938, kuma a cikinta Bubu Hama ya yi karatu, haka ma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Ku tsaya gaban ginin ku tuna cewa samari ne daga bakin kogin Kwara aka kawo tsakiyar ruwan gishiri a zamanin da ba su da jirgin sama ko wayar tarho da za su ji muryar gida. Daga nan ku gangara gindin dutsen da ake kira Kastel, inda masallacin tsibirin yake tun 1890, ruwa yana bugun duwatsun da ke ƙarƙashinsa.

San Luwi kuwa yana arewa, kimanin kilomita 260 daga Dakar, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ta hanyar Ciyes da Tiwawan da Luga. Mutanen ƙasar suna kiransa Ndar. Faransawa sun kafa shi a 1659 a kan wani siririn tsibiri kusa da inda kogin Senegal yake shiga teku. Shi ne hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1895 zuwa 1902, kafin Dakar ta karɓe masa girma, kuma UNESCO ta sa shi a jerinta a shekarar 2000. Ana shiga tsibirin ta gadar ƙarfe ta Federbe, wadda aka buɗe a 1897, mai tsawon fiye da mita 500. Ku haye ta da ƙafa bayan la'asar. A ranar farko ku ɗauki keken doki ya zagaya da ku don ku san gabas da yamma, amma ku daidaita kuɗi kafin ku hau. Sauran kwanakin ƙafa ta ishe ku, tun da tsawon tsibirin duka bai fi kilomita biyu da ɗoriya ba. Ku ga babban masallacin unguwar arewa, wanda aka kammala a 1847, mai agogo da ƙararrawa a hasumiyarsa. Ku ƙetara ƙaramar gada zuwa Get Ndar, unguwar masunta, lokacin da jiragen kamun kifi suke dawowa. Unguwar tana kan wani zirin yashi tsakanin kogi da teku. A 2003 an yanka mashiga mai faɗin mita 4 a wannan yashi don ceton birnin daga ambaliya, sai ruwa ya yi ta cin ta har ta kai kilomitoci. A San Luwi ne kuma ake cewa an fara dafa cebujen, shinkafa da kifi da kayan lambu, wadda UNESCO ta karrama a 2021. Abincin rana ne, ku neme ta da azahar.

Ga yadda zan raba kwanakin: dare ɗaya a Dakar don sauke gajiya, biyu a Gore, uku a San Luwi, na ƙarshe a Dakar. Filin jirgin sama na Blaise Diagne, wanda aka buɗe a 2017, yana da nisan kusan kilomita 50 daga birnin, don haka kada ku haɗa dawowa daga San Luwi da tashin jirgi a rana ɗaya. A wannan tsari babu inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu, saboda haka a mazhabar Malikiyya hukuncin matafiyi bai rabu da ku ba, kasaru ta halatta gare ku. Agogon Senegal yana bayan na Nijar da awa ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Afirilu. Damina tana sauka daga Yuli zuwa Oktoba da zafi mai sa gumi. Tsakanin Disamba da Fabrairu iskar teku tana da sanyi da dare, ku riƙe rigunan sanyi. A wannan tsakani ne kuma gandun tsuntsaye na Juj, kimanin kilomita 60 daga San Luwi, yake cika da tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara. Ku duba kalandar Hijira: a lokacin Mauludi jama'a suna kwarara Tiwawan, ranar 18 ga Safar kuma Tuba, sai motoci su yi wuya, hanyoyi su cushe. Wanda ya yi niyyar ziyarar shehunai ya ware mata tafiyarta daban.

Batun kuɗi yana da sauƙi ga mutumin Nijar, domin sefa ɗaya muke kashewa da Senegal. Masu karanta mu daga Kamaru da Cadi su lura: tasu sefar darajarta ɗaya da wannan, amma takardunta ba sa karɓuwa a kasuwar Dakar, sai an canja. Ku zauna ku biyu ku raba guzurin kashi huɗu kafin ku tashi: hanya, masauki, abinci, da ajiyar ko-ta-kwana wadda ba a taɓawa. Kuɗin tsaraba su zama daban, a ƙayyade su tun daga gida. Kada kuma a ci bashi don hutu. Game da takardu, ku riƙe fasfo da katin allurar shawara, kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ku tambayi ofishin jakadancin Senegal abin da ake bukata kafin ku sayi tikiti. A jirgin Gore kuɗin shiga ya bambanta tsakanin mazauna ƙasa da sauran ƴan Afirka da baƙin nesa, sai ku riƙe takardar shaida a hannu.

Teku ba tafki ba ne, ba kuma gulbin Maraɗi ba. Yawancinmu ba mu iya ruwa ba, kuma gaɓar San Luwi tana da igiya mai janye mutum ko da ruwan bai wuce gwiwarsa ba. Ku jiƙa ƙafa, ku tsaya a nan. Kada ku shiga kwale-kwalen da babu rigar kariya, ko wanda aka yi wa lodi fiye da kima. Mutanen Senegal ba su manta da jirgin Joola ba, wanda ya kife a Satumban 2002 da mutane fiye da 1,800 saboda lodin da ya wuce ƙarfinsa.

Saura abin da ya fi duka wuya, wato gida. Ku damƙa yara ga wanda hankalinku ya kwanta da shi, ku bar masa cefane isasshe, ku sa lokaci ɗaya a yini na buga waya. Mai mace fiye da ɗaya ya warware batun adalci tun kafin maganar ta fita. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Sannan ku yi hattara da saƙo. Da zarar an ji za ku Dakar, wannan zai kawo kuɗin atamfa, waccan na turare, wani ya ba ku ƙunshi ku kai wa ɗansa ɗalibi. Kafin ku ankara makon ya ƙare a kasuwa. Ku ba da haƙuri da fuska a sake, ku ce wannan karon ba za ta yiwu ba.

Ƴar'uwa ta Maraɗi, ki karanta wa maigidan wannan shafi, ku ɗauki alƙalami ku soke abin da bai yi muku ba. Ni dai abin da ya fi zama mini a rai daga tafiyarmu shi ne wani yammaci a kan gadar San Luwi, inda uwargida ta ba ni labarin ƙuruciyarta wanda ban taɓa ji ba cikin shekara ashirin, domin ban taɓa zama na saurara ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya ƙara danƙon ƙauna a tsakaninku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalam.