Iyayenmu Mata Suna Tafiya, Wa Zai Rubuta Tarihinsu?

A ƙauyukan Kura da Bunkure muna ta raka iyayenmu mata makwancinsu ɗaya bayan ɗaya. Su ne amaren da aka kai ɗakin miji a lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta fara gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Ranar jana'iza sai wani ya tashi ya karanta tarihin marigayiya cikin minti biyu: an haife ta, ta yi aure, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. A ganinmu wannan rowa ce.

Ku duba abin da irin wannan uwa ta gani. Kafin ruwan Tiga ya iso, noma na damina ne, rani kuma na ɗan hutu. Da aka haƙa hanyoyin ruwa, sai aiki ya zama na shekara ɗungum. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, maza suka duƙufa kan nomanta, ita ce ke kai wa ma'aikata abinci gona cikin hunturu. Ita ce ke turara shinkafa, ta shanya, ta yanka tumatir ta busar idan kasuwa ta faɗi. Da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane aka biya kuɗin makarantar waɗanda yau su ne fastocinmu da malamanmu.

Duk da wannan gajiya, ita ce ke tashin gida addu'ar asuba. Ba ta fashin taron Zumuntar Mata. Mudun hatsin da take warewa domin baiko shi ya ciyar da mai bishara a shekarun da ikkilisiya ba ta da abin biyansa. Ta zauna lafiya da maƙwabtanta Musulmi, suna zuwa mata barka, tana zuwa musu gaisuwar mutuwa.

Amma a littattafan ikkilisiyoyinmu sunayen fastoci da dattawa ne suka fi yawa. Manzo Bulus bai yi haka ba. Da ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu, ya kama sunan kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, ya nuna cewa a wurinsu bangaskiyar ta fara zama. Shekara kusan dubu biyu ke nan muna karanta sunayen nan, domin wani ya rubuta.

Wasu za su ce ladarta tana sama, me za ta yi da yabon mutane? Gaskiya ne. Amma jikokinta ne ke bukatar labarin, domin yaron da bai san wahalar da aka sha kafin bangaskiya ta iso gare shi ba, da arha zai sake ta.

Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya ta sa matasa su zauna da tsofaffin da suka rage, su rubuta daga bakinsu: yadda suka tuba, wanda ya yi musu baftisma, da abin da suka jimre. Kuɗin ankon jana'iza kuma, a rage a saya musu magani tun suna da rai. Wadda mijinta ya rasu, kada dangi su raba ta da gonar da take ci.

Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.