Ɗalibin da ya bar binciken malaminsa ya koma karatun likita: butulci ne ko lissafi?

Duk shekara idan damina ta ja baya aka koma makarantu, akwai wata magana da ke tasowa a jami'o'inmu. Ba a jin ta a rediyo, amma tana shiga gidajen ƴan kasuwa da dama. Yaro ya yi shekara uku ko huɗu yana karatun kimiyya a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Maraɗi, ko ta Damagaram. Wani malami ya ga yana da kai, ya jawo shi ɗakin bincikensa, ya koya masa aiki da na'urori, ya sa sunansa cikin takardun neman kuɗin aiki, yana shirya shi ya zama mai bincike kamarsa. Ana nan sai yaron ya samu gurbin karatun likita, nan gida ko a Maroko ko Aljeriya. Daga nan sai ya rasa bakin da zai gaya wa malamin. Wani ya yi wata biyu yana kewaye-kewaye, wani ya kashe salula, malam ya tsinci labarin a bakin mutane.

Ƴan kasuwa sun san irin wannan ciwo. Alhaji ya ɗauki yaro tun yana ƙarami, ya nuna masa hanyar Kano da ta Kwatano, ya haɗa shi da masu ba da kaya bashi, ya danƙa masa makullin shago. Ranar da yaron ya ce zai tafi ya kama wata sana'a, ko da sana'ar ta fi, sai maigida ya ji abin a ransa. To haka malamin jami'a yake ji, kuma nasa ya fi wuya ta wani wajen, don shi jarinsa lokaci ne, kuma lokaci ba ya dawowa aljihu.

Amma mu dubi lissafin da yaron ya yi, wanda sau da yawa uwarsa ce ta fara yi masa, ita da ke biyan kuɗin haya da na takardu daga ribar atamfa ko ta man gujiya. Karatun likita dogo ne, shekara bakwai zuwa takwas, amma kowa ya san inda ya nufa. Alkaluman ƙungiyar lafiya ta duniya OMS sun nuna cewa Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum dubu goma ba, kuma mafi yawan waɗanda ake da su suna Yamai da manyan garuruwa. Gaskiya ne sabon likita kan jira kafin gomnati ta ɗauke shi aiki, amma kafin nan ga asibitoci masu zaman kansu, ga ƙungiyoyin agaji, ga kwanan gadi da ake biya. Shi kuwa mai bincike, bayan ya gama wahalarsa, wuraren da za su ɗauke shi ana iya ƙirga su da yatsu: jami'a, ko cibiyar binciken noma INRAN, ko ta binciken cututtuka CERMES, da wasu ƙalilan. Kuɗin aikin ma galibi daga waje suke zuwa, na shekara biyu ko uku, in sun ƙare a sake roƙo. Faransa ta dakatar da tallafinta ga Nijar a Yulin 2023, Amurka kuma ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025. Yaron da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, in ya zaɓi farar riga, bai kamata a ce masa butulu ba. Wanda ya iya auna ribar buhun gero kafin ya saya, shi ma da haka zai yi.

Sai dai ƙasa tana asara, kuma asarar tana taɓa kasuwa kai tsaye. Masu sayar da wake su tuna yadda ƙwari ke mai da buhu gari cikin ƴan watanni, da yadda ake zuba maganin guba a cikin abin da mutane za su ci. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa tun 2007, aikin masu bincike ne na jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Afirka, cikinsu har da na INRAN a Maraɗi. Iyaye mata su tuna sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutane kamar 25.000 a ƙasashen yankinmu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 ya kusa shafe nau'in da ya yi wannan ɓarna. Likitan da ke duba maras lafiya ɗaya bayan ɗaya ba shi da lokacin gano irin waɗannan abubuwa. Sai an samu wanda zai zauna shekara da shekaru yana gwaji, yana ƙirga, yana rubutawa. Duk yaro mai kaifin basira da ya fice daga ɗakin bincike, an rage hannu ɗaya a wannan aiki.

Abin da ke ƙara ɓata lamarin shi ne yadda ake rabuwa. Kunya da nauyin baki da muka gada suna sa yaro ya ga kamar rashin ladabi ne ya dubi malaminsa ya ce ya canza shawara, sai ya zaɓi ɓuya, wadda ta fi muni nesa ba kusa ba. Malamin da aka gaya wa da wuri yana iya sa wani ɗalibi a gurbin, ya gyara takardunsa ga masu ba da kuɗi. Wanda aka bari cikin duhu har lokaci ya ƙure, gurbin ya tafi a banza, wani lokaci har da mutuncinsa a wajen abokan aikinsa na waje. Kamata ya yi yaron ya taka da ƙafarsa, ya zauna, ya yi godiya, ya faɗi magana ɗaya ba kwana-kwana: Malam, na samu karatun likita kuma na yanke shawarar tafiya, ga inda aikin ya tsaya, ga littafin gwaje-gwajen, ga lokacin da ya rage mini in nuna wa wanda zai gaje ni. Kada ya aiko da saƙon salula, kada kuma ya laɓe bayan iyayensa ya ce su suka tilasta masa in ba haka ba ne. In nauyin ya yi yawa, uban yaron ko kawunsa ya raka shi, kamar yadda ake yi in yaro zai bar gidan ubangidansa. Abin mamaki, iyayen da ba za su taɓa yarda ɗansu ya bar shagon wani ba tare da sallama ba, su ne ke cewa ai malamin jami'a albashinsa yake ci, ba sai an je ba.

Malamai su ma akwai nasu. Ana jin labarin waɗanda ke riƙe takardar shaida, ko su cire sunan yaro daga aikin da ya sha wahalarsa, don huce haushi. Wannan rashin dabara ne ko ta fuskar ribarsu. Abincin nan na gujiya mai suna Plumpy'Nut, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi wajen jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa a Nijar a 2005, galibinsu a jihar Maraɗi, likitan yara ne mai bincike, André Briend, ya ƙirƙiro shi a 1996 tare da wani mai masana'anta. Yaron da ya koyi awo da ƙirga a ɗakin bincike, in ya zama likita a Dakwaro ko Tanut, shi ne zai fara lura wata cuta ta canza kama, shi ne kuma zai aiko wa tsohon malaminsa jini da bayanai masu tsabta, in dai an rabu da daɗi.

Tushen matsalar kuwa yana hannun hukuma. Tun 2006 ƙasashen tarayyar Afirka suka amince a Khartum cewa kowace za ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta don bincike, kuma har yau da wuya a nuna wadda ta cika alkawarin. Muddin ɗalibin bincike zai yi watanni yana jiran kuɗin tallafin karatunsa, kuma bai san ko akwai aiki a ƙarshen hanya ba, malamai za su ci gaba da horar da yara suna miƙa wa asibitoci. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010, kowace tana da sashen kimiyya da na lafiya a gari ɗaya. Babu abin da zai hana a buɗe hanyar da ɗalibin likita zai riƙa komawa ɗakin binciken malaminsa lokacin hutu, kuma kundin da zai rubuta a shekarar ƙarshe ya zama ci gaban aikin da ya bari.