Ɗan Gari a Abuja, Kansila a Aljihun Gwamna

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wata magana ta zama ruwan dare a ƙasar Daura, wai mun sha romon dimokuraɗiyya tun da ɗan garinmu ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2015, ya sake ci a 2019. Hujjar da ake kafawa ita ce Jami'ar Sufuri da sauran gine-ginen Gwamnatin Tarayya. Ba mu raina su ba, Allah kuma Ya jiƙan Janar Muhammadu Buhari. Amma mun ƙi wannan hujja. Abin da gari ya samu don ɗansa na bisa karaga rabo ne, ran da ya sauka sai rabon ya koma wani gari. Mulkin jama'a kuwa shi ne talaka ya ɗora shugaba, ya tuhume shi, ya sauke shi in ya saɓa.

A tuna da 1979, muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna. Ƙuri'ar talakawa ta ɗora Balarabe Musa na PRP, ya soke haraji da jangali. Manomin Baure da makiyayin Zango sun ji sauƙin nan a gidajensu, alhali gwamnan ba ɗan garinsu ba ne.

To, a auna yau da wancan ma'auni, a inda mulki ya fi kusa da mu. Gyaran 1976 ya raba En'e da mulkin yau da kullum, sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Kasuwa, makarantar firamare, ɗakin shan magani, duk da hannunsu a ciki. Me muka gani? A 2015 gwamnatin Jihar Katsina ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. Sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce an keta doka, bayan wa'adin mutanen ya daɗe da shuɗewa. Ihu bayan hari ke nan! Ran 11 ga Yuli 2024 kotun ta sake hukunta cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni su cire hannu. A zaɓen Fabrairun 2025 kuwa jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 34 kaf, a hannun hukumar zaɓen da gwamna ke naɗawa. Kada wani ya ce APC muke yi wa ƙiyayya: a jihohin da PDP ke mulki ma haka sakamakon ke fitowa, launin tuta ne kawai ya bambanta.

Kansilan da ya san Gidan Gwamnati ne ya ɗora shi, wa zai ji wa tsoro? Ashe matar da ta yi layi cikin rana a Mai'adua? Ina! Idonsa na Katsina.

Saboda haka buƙatunmu biyu ne. A gyara tsarin mulki, a karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hukumomin jihohi a danƙa wa INEC. Mun san ita ma ba waliyyiya ba ce, amma ba gwamna ke naɗa ta ba. Sannan shugabannin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua su riƙa liƙa takarda a ƙofar sakatariya kowane wata, da Hausar boko da ajami, mai nuna nawa ya shigo, nawa aka kashe, a kan me. Reshen ƙungiyarmu na kowace ƙaramar hukuma ya kai wannan buƙata a rubuce a hutu mai zuwa, ya karɓo amsa a rubuce.