Ba'a a lakwal ba taubasantaka ba ce

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a watan Oktoba yara suke komawa lakwal. A ƙasar Madarumfa, ɗan manomi da ɗan makiyayi suna zama aji guda. Amma yaron ruga da Fulatanci ya tashi. In Hausarsa ta karye, sai aji ya fashe da dariya, a laƙa masa suna, a ce yana warin nono.

Wasu iyaye suna cewa ai wasa ne. Mu ba mu yarda ba. Mun san taubasantaka, irin ta Fulani da Barebari. A 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da sunan Nijar. A taubasantaka kowa yana ramawa, kowa yana dariya. Yaro guda a tsakiyar goma, da wane baki zai rama?

Abin yana taɓa lafiya. Yaro ya ƙi cin abinci, ya yi ta kukan ciwon ciki da safe, ranar Lahadi kuwa garau yake. Kafin mu sayi magani, mu tambaye shi wa yake zama kusa da shi, wa yake tsokanarsa. Sannan mu je mu ga malaminsa.

Dattawanmu ba su manta da Toda ba. A can, cikin jihar Maradi, rikicin gona da kiwo ya ci rayuka da yawa a 1991. Yaran nan biyu, gobe su ne za su zauna shawara kan burtali da rijiya. Galibi kuma sunan da ɗanmu yake kiran ɗan ruga da shi, a bakinmu ya fara jin sa.