Shekarun Doki a Kasuwa

Doki dabba ne mai daraja a ƙasar Hausa tun zamanin da. Da shi aka yi yaƙi, da shi aka yi tafiya mai nisa, har yanzu kuma da shi ake hawan Sallah da sukuwa da wasan folo. Saboda haka cinikinsa ba ƙaramin abu ba ne. A manyan kasuwannin dabbobi, irin su Maigatari ta Jihar Jigawa da Mai'aduwa ta Jihar Katsina, in mai saye ya tsaya gaban doki, kafin ya taya sai ya ce, "Shekararsa nawa?" Sau da yawa kuwa nan ne gaskiya take fara raguwa. Mai tsohon doki ya rage masa shekaru, mai duƙushi ya ƙara masa, kowa yana tsoron kada shekarun su ɓata masa ciniki.

To, shin shekarun doki suna da wani tasiri a kan sayar da shi? Lalle suna da shi, babu mai musun wannan. Amma wanda ya ɓoye su don ya sami kuɗi ya yi kuskure. Tallan doki na ƙwarai shi ne wanda ya faɗi shekarun daidai, sa'an nan ya nemi mutumin da dokin zai yi wa amfani.

Goɗiya takan yi kamar wata 11 da ciki kafin ta haihu. Ɗan da ta haifa yakan miƙe tsaye a ranar da aka haife shi, amma ƙasusuwansa ba su gama ƙwari sai ya kai shekara 5 ko 6. Ƙashin baya, inda sirdi yake zama, yana cikin na ƙarshen yin ƙwari. Daga nan doki yakan yi shekaru yana cikin ganiyar ƙarfinsa. In ya haura shekara 15 ƙarfi yakan fara raguwa a hankali, ko da yake dokin da ya sami kiwo yakan yi aiki har ya kai 20. Dawaki da yawa sukan rayu shekara 25 zuwa 30. An yi wani doki a Ingila mai jan jiragen ruwa daga bakin kogi, wanda aka haifa a 1760 ya mutu a 1822, watau ya shekara 62 a duniya. Amma irin wannan abin mamaki ne, ba a yin lissafi da shi.

Yaro mai lissafi zai gane abin da ya sa kuɗin doki yake hawa da sauka. A ce doki zai yi aiki har ya shekara 20. Wanda ya saye shi yana ɗan shekara 6 yana sa ran shekara 14 na hawa. Wanda ya saye shi yana ɗan shekara 16 kuwa shekara 4 kaɗai yake sa rai. Dukansu biyu za su sayi harawa da dusa da dawa da kanwa, su biya mai yankan ciyawa. Ba daidai ba ne su biya kuɗi ɗaya. Haka kuma wanda ya sayi duƙushi ɗan shekara 2 zai daɗe yana ciyar da shi kafin ya more shi, ga wahalar horo. Don haka doki mai matsakaicin shekaru, wanda ya horu, shi ya fi samun masu taya.

Shekarun doki kuwa a bakinsa suke rubuce, ga wanda ya iya karatunsu. Yana da haƙoran gaba 12, shida a sama shida a ƙasa. Na nono ƙanana ne farare. In ya kai shekara biyu da rabi sai ya yi famfarar na tsakiya, manya masu ɗan ruwan ɗorawa su fito a madadinsu. A shekara uku da rabi na kusa da su su faɗi. A shekara huɗu da rabi na gefe su bi. In ya cika shekara 5 bakinsa ya cika da manyan haƙora, in namiji ne kuma fiƙoƙinsa sun fito. A kan kowane sabon haƙori akwai ɗan rami baƙi. Cin ciyawa yana goge haƙoran, ramukan su riƙa shafewa. A haƙoran ƙasa, na tsakiya sukan shafe wajen shekara 6, na kusa da su wajen 7, na gefe wajen 8. Bayan wannan sai kintace. Haƙoran tsohon doki sukan yi tsawo su karkata gaba. Furfura takan fito masa a kewayen ido da hanci, guraben da ke saman idanunsa su zurma, bayansa ya lotsa. Dokin da yake kiwo a ƙasa mai rairayi haƙoransa sukan fi saurin gogewa, har a zaci ya fi shekarunsa.

Tun da masu saye sun san duba baki, mayaudara ma sun koyi ɓata shi. A Ingila a zamanin da an yi dillalai masu goge haƙoran tsohon doki da zarto, su huda musu rami, su ƙona ramin da ƙarfe mai zafi ya yi baƙi, don a ce dokin ɗan shekara 7 ne. Waɗansu sukan rina furfurar. Waɗansu kuma sukan cire haƙoran nono na duƙushi tun lokacin faɗuwarsu bai yi ba, don a zaci ya isa hawa. Duk wannan zalunci ne har biyu, an cuci mai saye, an kuma azabtar da dabba wadda ba ta da bakin kai ƙara.

Waɗansu sukan ce ai ciniki wayo ne, wanda ya zo saye shi ya kamata ya buɗe idonsa, in an faɗi gaskiya kuma tsohon doki zai kwana a turke ba mai taya shi. Maganar tana da ɗan kama da gaskiya, gama wanda ya ji shekara 17 ba zai biya kuɗin ɗan shekara 7 ba. Amma masu wannan magana sun manta abu guda. Masu sayen doki ba buƙata ɗaya ce take kawo su kasuwa ba, kowanne da abin da yake nema.

Mai sukuwa ƙuruciya yake nema. A Ingila akwai wata babbar sukuwa da ake yi a garin Efsom, wadda aka fara a 1780, ba a shiga da doki cikinta sai ɗan shekara 3. Ɗan wasan folo kuma dokin da ya san juyi da tsayawa nan take yake so, wannan kuwa sai bayan shekaru na horo. Katsinawa sun san haka, gama Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara a wannan wasa. Mai kiwo goɗiya mai haihuwa yake nema, ko ingarma mai asali.

Hakimi ko dagaci da zai yi hawan Sallah kuma tasa buƙata dabam ce. A ranar hawa a Kano ko Katsina ko Zariya ko Daura akwai ƙarar bindiga, ga tambura da kakaki da algaita, ga mutane maƙil a kan hanya har da ƙananan yara. Hawan Kano ya yi suna har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Duƙushin da bai taɓa ganin irin wannan taro ba yana iya firgita, ya yi tabariya ko ya yanka cikin jama'a. Dokin da ya halarci hawa goma kuwa, bindiga ta tashi bai ko kaɗa kunne ba. Shi ya sa Hausawa suka ce tsohon doki mai sane. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ma akwai wata tsohuwar makarantar hawa, inda ake fara horar da fararen ingarmu suna kamar 'yan shekara 4, a yi shekaru ana koya musu, waɗansunsu kuma suna nuna gwanintarsu har sun haura shekara 20.

Akwai kuma uban da yake nema wa ɗansa dokin koyon hawa. A gare shi dokin da ya manyanta, mai sanyin hali, ya fi kowane tsada. In aka haɗa yaron da bai iya hawa ba da dokin da bai iya ɗaukar mutum ba, ba a san wanda zai koya wa wani ba, ƙarshenta sai karaya. Nan ne ƙaryar dillali take zama abin tsoro. Wanda ya cire haƙoran duƙushi ya ce ya horu, ya sayar wa irin wannan uba, da ran yaro ya yi wasa. Wanda kuma ya rage wa tsohon doki shekaru ya sayar wa mai sukuwa, za a yi ta zuba wa dabbar bulala da ƙaimi a kan gudun da ba ta da ƙarfinsa, har ta gurgunce.

To, yaya talla mai kyau take? A ce mutum biyu sun kawo dawaki masu shekara 14. Na farko ya ce, "Ga ingarman da babu irinsa, ɗan yaro ne shataf, ya fi iska gudu!" Bai faɗi kome ba wanda za a iya gwadawa, ban da shekarun, su kuwa da an buɗe baki ƙarya ta tonu. Daga nan mai saye ba zai ƙara yarda da maganarsa ba, ko da sauran abin da zai faɗa gaskiya ne. Na biyu kuma ya ce, "Akawal ne, shekararsa 14, shekara 9 yana hannuna. Ya saba da bindiga da mota, ba ya cizo, ba ya harbi, yara suna hawansa. Gudunsa ya ragu, kada mai sukuwa ya saya. Akwai tabon tsohon miki a bayansa, ga shi nan, ya warke. A duba baki, a hau a gwada." Mai sukuwa zai wuce, babu wanda ya ɓata wa wani lokaci. Amma uban yaro zai tsaya, ya taya da kwanciyar rai.

Ban da magana, akwai abin da ido zai gani. Kafin a kai doki kasuwa a wanke shi, a taje gezarsa da wutsiyarsa, a gyara masa kofato. Wannan tsabta ce, ba yaudara ba, gama ba a ɓoye kome ba. A cire sirdi da kayan ado don a ga bayansa da ƙafafunsa. A ja shi ya yi tafiya, ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri, nan ne ɗingishi yake bayyana. Yanzu mutane sukan aika hoton doki ta wayar hannu zuwa wani gari. Mai gaskiya hoton yau yake aikawa, ba na shekara biyar da suka wuce ba, ya kuma bar mai saye ya zo ya gani da idonsa, don kada a yi cinikin biri a sama.

Gaskiyar nan ba mai saye kaɗai take yi wa rana ba. A shari'ar Musulunci, wanda aka sayar wa abu aka ɓoye masa aibinsa yana da ikon mayar da shi ya karɓi kuɗinsa. Ko ba a je gaban alƙali ba, kasuwar dawaki ta mutane ce waɗanda suka san juna. Dillalin da aka kama da ƙarya sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kasuwa ta gaba, la'adar rana ɗaya ta ja masa asarar shekaru. Wanda aka san shi da gaskiya kuwa, masu saye su ne za su riƙa sallama a ƙofar gidansa.

Sauran abu guda. Waɗansu masu dawaki ba ƙarya suke yi ba, mantuwa ce, don ba su rubuta ba. A Ingila kowane doki yana da takardar shaida tasa, tun 2009 kuma ana sa wa kowane ɗan doki wata 'yar ƙwayar na'ura mai lamba a cikin wuyansa, don kada a musanya takardar wani da ta wani. Ko inda babu irin wannan doka, ɗan makaranta yana iya yi wa gidansu wannan aiki da littafi da alƙalami. Ranar da goɗiya ta haihu ya rubuta kwanan wata da shekara, da launin ɗan, da alamun goshinsa da na ƙafafunsa. Ya rubuta ranar da aka fara sa masa linzami, da ciwon da ya yi, da maganin da likitan dabbobi ya ba shi. Ranar da za a sayar da dokin, in aka tambayi shekarunsa, sai a buɗe littafi a nuna.

Tambayoyi

1. A wace shekara bakin doki yake cika da manyan haƙora?
2. Don me dokin da ya manyanta ya fi dacewa da mai koyon hawa?
3. In doki zai yi aiki har ya shekara 20, aka saye shi yana ɗan shekara 8, shekara nawa za a more shi?
4. Mene ne bambancin tallan mutum na farko da na mutum na biyu?