Miyar da Ta Manta Daddawa

A makon jiya tafiya ta kai ni Kaduna, yunwa kuma ta kora ni wani gidan abinci na zamani, irin mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Na nemi tuwon shinkafa, na ce a zubo mini miya kala biyu, kuka da taushe, don in ji hannun mai girkin. Da na kai loma ta farko da ta biyu sai na dakata. A ido launinsu daban, amma a harshe abu guda ne: gishiri da dunƙule. Kukar ba ta da ƙamshin daddawa, taushen kuma ba a jin zaƙin kabewa balle tsamin yakuwa. Na biya kuɗi masu kauri, na fito ciki a cike, rai kuwa bai ƙoshi ba.

A hanyar dawowa na yi ta tuna goggona, wadda ba ta taɓa ɗora tukunyar miya ba sai da daddawar da ta yi da hannunta. Aiki ne na kwanaki. A raba kalwa da garin ɗorawa, a dafa ta wuni guda har ɓawonta ya yi laushi, a surfa a turmi, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so. Daga nan a daka, a mulmula, a shanya. Wannan ruɓar ita ce sirrin, domin ita ke fito da ɗanɗanon da ke sa a ji kamar an sa nama ko da babu shi. Kalwa kuma abinci ce mai gina jiki, shi ya sa miyar talaka ta daɗe tana riƙe shi.

Dunƙulen da ya ture ta baƙo ne. Julius Maggi, mutumin Suwizalan, shi ya kafa kamfanin da ya fara fitar da dunƙulensa a 1908, Nestlé kuma ta mallake shi a 1947. Yau sunan ya zama na kowane dunƙule a bakin Bahaushe, ko wane kamfani ya yi shi.

Ba zan ɗora wa matanmu laifi ba. Wadda ta taso daga aiki ko makaranta da la'asar, yara na kuka, gas na ƙarewa, ba za a ce ta tsaya surfen kalwa ba. Dunƙule yana da araha, ba ya lalacewa da wuri, ba ya barin wari a hannu. Matsalar ita ce ya tashi daga mataimaki ya zama mai gida. Kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Mai jefa dunƙule huɗu a tukunya, ya bi da gishiri, ya tambayi masu fama da hawan jini a gidansu.

Akwai kuma asarar da ba a gani a kwano. Idan aka daina neman daddawa, bishiyar ɗorawa ta rasa mai kare ta, sai masu gawayi su sare ta, ita kuwa takan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Matan karkara da ke rufa wa kansu asiri da sana'ar su rasa ciniki, 'ya'yansu kuma su ƙi koyo. Mu tuna 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Gidajen da suka iya kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi sun ci tuwonsu lafiya. Waɗanda ba su san komai ba sai jar miya su ne suka ji jiki.

Roƙona ga masu gidajen abinci shi ne su bar kowace miya ta yi maganarta. Wanda ya biya kuɗin kuka, a ba shi kuka mai daddawa da busasshen kifi da man shanu. Mu kuma a gida, ko sau biyu a mako a rage dunƙule, a sayi daddawa a hannun mai yin ta, a kira yara mata da maza su ga yadda ake kaɗa miya. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kada mu bari tamu ta ƙare kafin mu san darajarta.

Sai mako mai zuwa.